Yadda Ake Zana Taswirar Dausayin Legas da Ƙirƙirarriyar Basira

Wanda ya taso a Arewa, idan aka ce masa dausayi, fadamar Haɗeja da Nguru ce za ta faɗo masa a rai: ruwa ya zo da damina, ya janye da rani, manoma su bi sawunsa da shuka. Na Legas ba haka yake ba. Nan ruwa yana cika yana janyewa sau biyu a kowace rana saboda tekun da ke turowa ta mashigar Commodore, gishirinsa yana ƙaruwa da rani ya ragu da damina, sannan ana cike shi da yashi ana gini a kai da saurin da mutum ɗaya ba zai iya bi da ƙafa ba. Shi ya sa masu nazarinsa suka haɗa da hotunan tauraron ɗan'adam da ƙirƙirarriyar basira.

Aikin da zan koya maka shi ne wanda sauran ayyuka suke hawa kansa: fitar da taswirar da za ta nuna ina ruwa yake, ina itatuwan mangurob masu tsirowa a taɓon ruwan gishiri, ina dajin fadama, ina aka cike da yashi, daga nan a maimaita ta a wasu shekaru a ga abin da ya salwanta. Zan riƙa misali da yankin da Kogin Ogun ke shiga tafkin Legas ta rafin Agboyi da na Majidun, domin nan ne bayan Mile 12, kuma 'yan'uwanmu na Agiliti da Owode da Ajegunle ta hanyar Ikorodu sun san halin da ake shiga idan kogin ya cika, aka kuma saki ruwa daga madatsar Oyan. Duk fadamar da aka cike a wannan yanki, ruwan da take riƙewa sai ya nemi wani masauki, kuma galibi ɗakin talaka yake faɗawa.

Ka riƙe abu ɗaya tun yanzu. Na'ura ba ta ganin bishiya, lambobi take gani: yawan hasken da kowane ɗigon ƙasa ya mayar sama. Kai ne za ka nuna mata cewa irin waɗannan lambobi mangurob ne, waɗancan kuma kainuwa, sai ta bi sauran ƙasar ta rarraba. Abin da ƙafarka ta ɗebo mata, shi za ta mayar maka.

Kayan aiki

Laftof kowace iri ta isa, domin nauyin lissafin a kan kwamfutocin Google yake, ba a kan taka ba. Abin da ba ya da makawa shi ne intanet mai tsayawa. Ka buɗe asusu a Google Earth Engine, dandalin Google na nazarin hotunan tauraron ɗan'adam, kyauta ne ga ɗalibai da masu binciken da ba na kasuwanci ba, kuma ka yi rajistar tun da wuri, kada ka bari sai ranar da kake buƙata. Ka sauke QGIS, shi ma kyauta, da shi za ka gyara taswirar ƙarshe. Sai ɗaya daga cikin mataimakan hira irin su ChatGPT ko Gemini ko Claude don rubuta kod.

Na fita daji kuwa: waya Android mai manhajar KoboCollect, wadda ke cike fom ta ɗauki wuri da hoto ko babu sabis, fawa-bank, jakar leda mai zif ta saka waya, rigar ceto, dogon takalmin roba, hula da ruwan sha da man sauro, ƙaramin littafi da fensir, domin biro yana narkewa idan takarda ta jiƙe. In da hali, ka nemi ƙaramar na'urar auna gishiri, wadda ake ɗiga mata ruwa a leƙa ta wajen haske. In babu, aiki ba zai tsaya ba, tsirran wurin da kansu za su gaya maka ko ruwan na gishiri ne. Sai babban cikinsu, mai kwale-kwale ɗan wurin, wanda ya san kowane lungu da lokacin da ake shigarsa.

Wanda ba shi da laftof ya nemi ɗakin kwamfuta na sashensu ko ya haɗa gwiwa da abokin karatu. Shafin kod na Earth Engine yana buɗewa a waya, amma wahalarsa ta fi amfaninsa. Jirgi marar matuƙi ba dole ba ne, kuma tashi da shi a Najeriya sai da izinin hukumar kula da sufurin jiragen sama, NCAA.

1. Tsayar da tambaya, iyaka da rukunai

Rubuta tambayarka a jimla ɗaya, misali: kadada nawa na mangurob suka rage tsakanin Agboyi da Majidun, kuma nawa suka koma cikon yashi? Sannan ka zana iyaka. Kada ka fara da Legas gaba ɗaya daga Badagry zuwa Epe. Kilomita 10 a tsaye, 10 a kwance ya ishi mai koyo.

Rukunan da na saba amfani da su a nan bakwai ne: buɗaɗɗen ruwa, mangurob, dajin fadama na ruwan daɗi, inda tukurwa ta fi yawa, tsayayyar ciyawar fadama, tsirrai masu yawo a kan ruwa, wato kainuwa, yashin ciko da filin da ba komai, sai gine-gine. Masu koyo suna son yawaita rukunai, su raba mangurob gida uku tun ba su iya raba shi da tukurwa ba. Duk rukunin da ka ƙara, ka ƙara wa kanka tafiyar daji ne, kuma ka ƙara ƙofar kuskure. Rubuta ma'anar kowanne a littafinka ta yadda in ka tura wani zai rarraba kamar yadda za ka yi.

2. Duba abin da aka riga aka yi

Akwai taswirorin duniya da aka yi da irin wannan fasaha. ESA WorldCover ta shekarun 2020 da 2021 tana da rukunin mangurob. Global Mangrove Watch tana bin mangurob tun daga 1996. Dynamic World tana rarraba hotunan tauraron Sentinel-2 yayin da suke shigowa, tana kuma da rukunin tsirran da ruwa ya mamaye. Taswirar ruwan saman ƙasa ta JRC, cibiyar bincike ta Tarayyar Turai, ta faro daga 1984. Ka ɗora su a kan iyakarka ka lura da inda suka saɓa wa juna, domin nan ne ya kamata ka fi zuwa da ƙafa. Amma kada ka kwashi samfurin koyarwa, wato wuraren da za ka nuna wa na'ura a matsayin misali, daga cikinsu. Duniya aka yi wa su, ba lungun Majidun ba, kuma in ka koyar da na'urarka da kuskurensu, kai ma shi za ka haifa.

3. Fita daji

Nan ne aikin yake, nan kuma zan daɗe.

Kafin ranar fita, ka je ka gaida Baale, wato mai garin ƙauyen, ka faɗi abin da ya kawo ka. In akwai Sarkin Hausawa a kusa, ka bi ta hannunsa ya haɗa ka da wanda zai raka ka. Maganar fili a Legas ba abin wasa ba ce. Baƙo riƙe da waya yana ɗaukar wurare a bakin ruwa, abu na farko da za a zata shi ne an turo shi awon filin da za a sayar. Bayanin minti kaɗan a gaban dattawa yana hana fitinar wuni guda. Ka nisanci bututun mai da wuraren jami'an tsaro, kuma kada ka ɗauki hoton masu haƙar yashi ba tare da ka tambaye su ba.

Ka duba jadawalin cika da janyewar ruwa na tashar Legas, sannan ka tambayi mai kwale-kwale, domin a can cikin rafuka ruwa yana makara, ba ya bin agogon bakin teku daidai. Ana shiga ƙananan lunguna lokacin da ruwa ke cika, a fito kafin ya janye. Wanda ya yi jinkiri zai zauna a kan taɓo har ruwa ya dawo. Kuma kada ka sauka daga kwale-kwale don ka ga taɓon ya yi sumul. Inda ka ga ramukan ƙaguwa birjik da ƙananan kifayen nan masu tsalle a kan laka, ƙafa tana iya nutsewa har cinya, ga kuma ƙumba masu kaifi manne a saiwoyi suna yanka kamar reza.

Fom ɗinka na KoboCollect ya ƙunshi rukuni, wuri, rana da lokaci, halin ruwa (cike ko janye), gishiri in ka auna, hotuna huɗu na gabas da yamma da kudu da arewa, da gurbin ƙarin bayani. Wajen ɗaukar wuri, ka sani ɗigo ɗaya na hoton Sentinel-2 mita 10 ne a tsaye da kwance, GPS ɗin waya kuwa yana kaucewa da mita da yawa, musamman a ƙarƙashin ganye. Saboda haka ka nemi tsakiyar wurin da abu iri ɗaya ya shimfiɗu aƙalla mita 30 ta kowane ɓangare, ka tsaya cik har lambar kuskuren da manhajar ke nunawa ta sauka ƙasa da mita 5, sannan ka danna. Samfurin da aka ɗauka a gaɓa, rabi ruwa rabi ganye, ruɗa na'ura kawai yake yi.

To, in ba a iya shiga tsakiyar kurmin fa? Sau da yawa ba a iya. Sai ka ɗauki wurin daga cikin kwale-kwale, ka rubuta: mangurob, gabas da ni, kimanin mita 40. In ka koma gida ka buɗe hoto mai kaifi na Google Earth, ka matsar da ɗigon zuwa inda ya dace. Wannan hanya ce karɓaɓɓiya muddin ka rubuta cewa haka ka yi.

Ka nemi samfuri aƙalla 50 ga kowane rukuni, a warwatse cikin iyakar gaba ɗaya. Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya cika adadinsa a kusa da inda ake hawa jirgi don kuɗin mai ya yi sauƙi. Samfuri 50 a lungu ɗaya bai fi guda biyar ba a wajen na'ura. Na gine-gine da buɗaɗɗen ruwa kana iya ɗaukarsu daga hoto kana zaune, ka adana kuɗin kwale-kwale don mangurob da tukurwa da ciyawa.

Gane tsirrai kuma, manhajojin Pl@ntNet da iNaturalist suna taimakawa idan ka ɗauki ganye da fure da saiwa daban-daban. Amma ka koya wa idonka manyan uku. Jan mangurob, Rhizophora, saiwoyinsa suna fitowa daga jikin kututture su lanƙwaso su soki taɓo. Farin, Avicennia, saiwoyinsa ne ke tsirowa daga laka tsaye-tsaye, gajeru sirara, kuma in ka shafa ganyen za ka iya jin gishiri. Sai nipa, wanda aka shigo da shi Kalaba a 1906 ya bazu a gaɓar Najeriya: ganyensa irin na kwakwa, yana fitowa kai tsaye daga taɓo babu kututture a sama. In ka gamu da shi ka rubuta shi daban, domin baƙo ne mai cinye gurbin mangurob. Abin da manhaja ta faɗa shawara ce. In kana shakka, ka matse reshe cikin jarida ka kai ma'ajiyar busassun tsirrai ta Jami'ar Legas ko ta Cibiyar Binciken Gandun Daji da ke Ibadan.

4. Zaɓen hotuna

Sentinel-2 yana ratsawa ta kan wuri kusan duk kwana biyar, sai dai Legas garin girgije ne, yawancin hotunan damina fari fat suke. Tagar da ta fi buɗewa ita ce Disamba zuwa Fabrairu, ita ma hazon hunturu yana dusashe wasu ranaku. Kada ka dogara da hoto ɗaya. A Earth Engine ka kira tarin COPERNICUS/S2_SR_HARMONIZED, ka tace shi da iyakarka da waɗannan watanni, ka haɗa shi da Cloud Score+, wanda shi ma ƙirƙirarriyar basira ce da ke ba kowane ɗigo maki gwargwadon tsabtarsa daga girgije. Ka zubar da duk ɗigon da makinsa bai kai 0.6 ba, sannan ka ɗauki matsakaiciyar ƙimar abin da ya rage. Za ka sami hoto ɗaya mai tsabta. In ka ga ramuka a cikinsa, ka faɗaɗa watannin zuwa Nuwamba da Maris maimakon ka sassauta makin sosai.

Don damina kuwa sai rada. Tauraron Sentinel-1 yana aika nasa siginar ya karɓi amsa, girgije ba ya tare shi, dare da rana duk ɗaya ne. A hotonsa ruwa mai kwanciya baƙi ne, domin siginar tana zamewa ta wuce. Bishiyoyin da ke tsaye cikin ruwa sukan yi haske, saboda siginar tana bugun ruwa ta bugi kututture ta komo. Amma rufin kwano ma yana haske, iska kuma in ta tayar da igiya tana sa ruwa ya yi fari-fari. Hoton rada guda ɗaya cike yake da ɗigo-ɗigon hayaniya, don haka ka haɗa da yawa ka ɗauki matsakaici, ka riƙe duka VV da VH, wato nau'i biyu na siginar da ke dawo masa.

5. Haɗa abin da na'ura za ta karanta

Sentinel-2 yana auna haske kala-kala, kowane kala da zangonsa. Ka ɗauki zangunan B2, B3, B4 da B8 masu mita 10, da B5, B6, B7, B11 da B12 masu mita 20. Ka lissafa NDVI daga B8 da B4, shi ke nuna ƙarfin ganye, da MNDWI daga B3 da B11, shi ke fito da ruwa. Ka ƙara VV da VH na rani da na damina. Tsayin ƙasa ma yana taimakawa, amma ka tuna awon tsayin ƙasa na SRTM a Fabrairun 2000 aka yi shi, bai san cikon da aka yi bayan nan ba, kuma a kurmi saman bishiyoyi yake kamawa.

Babban tarkon Legas shi ne kainuwa, musamman mai furen shunayya ɗin nan da ta shigo ta rafin Badagry a 1984, wadda ke toshe hanyar jiragen Ikorodu idan ruwan daɗi ya yi yawa a ƙarshen damina. Daga sama koriya ce shar, NDVI ɗinta yana tashi kamar na kurmi, sai na'ura ta zana maka mangurob a tsakiyar tafki. Maganinsa lokaci ne. Mangurob yana nan inda yake shekara a zagaye. Kainuwa tana yawo da iska da igiya, kuma in gishiri ya ƙaru da rani sai ta ruɓe. Saboda haka ka lissafa yadda NDVI da VH na kowane ɗigo suke hawa da sauka cikin shekara, ka ƙara wannan a matsayin zango na musamman. Ɗigon da yau ganye ne, wata mai zuwa ruwa, ba bishiya ba ne. Haka kuma samfurin kainuwar da ka ɗauka a Oktoba ba zai yi aiki a hoton Janairu ba, ta riga ta bar wurin. Ita kam sai ka haɗa ta da hoton da ya fi kusa da ranar da ka gan ta.

6. Neman kod a wurin mataimakin hira

Ba sai ka ƙware a JavaScript, yaren kod na shafin Earth Engine, ba, amma sai ka iya bayyana abin da kake so dalla-dalla. Kada ka ce masa ya yi maka taswirar dausayi. Ka ce: ina aiki a shafin kod na Earth Engine, iyakata sunanta kaza, ina son matsakaicin hoton Sentinel-2 daga 1 ga Disamba zuwa ƙarshen Fabrairu, a cire girgije da Cloud Score+ a kan 0.6, a ƙara NDVI da MNDWI, a yi bayanin kowane layi. Ka nemi mataki ɗaya, ka gwada, ka kalli hoton da idonka, sannan ka nemi na gaba. In jan saƙon kuskure ya fito, ka kwafe shi gaba ɗaya ka manna masa. Umarnin fasaha ya fi fita daidai da Turanci, amma kana iya cewa ya fayyace maka da Hausa inda ka kasa ganewa.

Hattara da abu uku. Yakan kawo tsohon sunan tarin hotuna da aka daina amfani da shi, ko ya ƙirƙiro umarnin da babu shi, don haka ka duba kowane suna a kundin Earth Engine. Yakan ba ka kod mai tafiya lami lafiya amma yana lissafa abin da ba shi ka nema ba, misali ya sa B8 a gurbin B11, kuma wannan ya fi haɗari domin babu jan rubutu da zai faɗakar da kai. Na uku, kada ka taɓa karɓar sunan maƙala ko marubuci ko alƙaluman kadada daga bakinsa ka sa a rahotonka. Yana iya ƙaga su da cikakken ƙarfin hali. Duk abin da ba ka buɗe ka karanta da kanka ba, babu shi. Sunaye da lambobin wayar mutanen da ka yi hira da su a ƙauye kuma amana ce, ba a manna su a can.

7. Koyar da na'ura

Ka sauke samfuranka daga KoboToolbox, shafin da KoboCollect ke tura fom ɗinka, ka mayar da kowane rukuni lamba daga 0 zuwa 6, ka ɗora su a Earth Engine. Ka ware kashi 70 na koyarwa, 30 na gwaji. Kada ka bar rabon ga ƙuri'a tsantsa, domin maƙwabtan ɗigo kama suke da juna, sai na gwaji ya zama ɗan'uwan na koyarwa, sakamako ya yi kyan ƙarya. Ka raba da wuri: wannan rafi na koyarwa, wancan na gwaji, kowane rukuni ya samu wakilci a duka biyun.

Hanyar da nake ba mai koyo shawara ita ce Random Forest, a Earth Engine ana kiranta da ee.Classifier.smileRandomForest. Tana gina jerin tambayoyi masu rassa da yawa, kowanne daga wani yanki na samfuranka, sai rinjayen amsarsu ya zama hukuncin ɗigo. Ka sa yawan waɗannan jeri ya zama 100 zuwa 200. Akwai hanyoyi masu zurfi da suka fi ta suna, amma suna cin samfuri dubbai, kuma ga ɗan abin da ka tara da kwale-kwale ba za su fi ta ba.

8. Auna gaskiyar taswira

Ka fitar da teburin da ke jera abin da ka gani a daji da abin da na'ura ta ce. Lambar farko da kowa ke ɗoki ita ce daidaiton jimilla, kuma ita ce mai yaudara. Kamar saman kwandon tumatir ne a Mile 12, mai saye na gaskiya sai ya sa hannu ƙasa. Ruwa da gine-gine suna da sauƙin ganewa, su ke ɗaga jimilla, alhali mangurob da tukurwa, waɗanda dominsu ka fito, suna iya cakuɗewa. Ka duba layin kowane rukuni ta fuska biyu: cikin mangurob na gaske nawa ta kama, kuma cikin abin da ta kira mangurob nawa ne gaskiya.

Sannan ka zuba wa taswirar ido. Mangurob a kan tudu nesa da ruwan gishiri kuskure ne. Gini a tsakiyar tafki wataƙila jirgin yashi ne. Ka zaɓi wuraren da zuciyarka ba ta kwanta da su ba ka koma can, ka ɗauko sabon samfuri, ka sake koyarwa. In rukunai biyu sun ƙi rabuwa duk da haka, ka haɗe su ka faɗa a rahoto. Taswira mai rukuni shida da za ka iya karewa ta fi mai bakwai da ba ka yarda da ita ba.

9. Kwatanta shekaru

Sentinel-2 ya fara ne a 2015. Don abin da ya gabaci haka sai Landsat, mai ɗigon mita 30, wanda jerin hotunansa masu wannan kaifi suka faro tun shekarun 1980. Hotunan Landsat 7 na bayan Mayun 2003 suna da ratsi-ratsin giɓi saboda wata na'urarsa da ta lalace, sai an haɗa da yawa kafin su cike. Ƙa'idar ita ce a kwatanta iri da iri: watanni ɗaya, tauraro iri ɗaya. In ka auna 2000 da Landsat, to ka auna bana ma da Landsat. Siririn layin mangurob na bakin rafi yana ɓacewa a ɗigon mita 30 ya bayyana a na mita 10, sai ka ɗauka ya ƙaru alhali idon ne ya canja.

Kowace shekara tana buƙatar nata samfurin. Na shekarun baya ka samo su daga tsofaffin hotunan Google Earth Pro, ka kuma zauna da dattawan masunta, sun san inda kurmi yake kafin a cike shi. Wajen lissafin faɗi, ka yi aiki da tsarin awon taswira na UTM, shiyya ta 31 ta Arewa, lambarta EPSG:32631. Ɗigo 100 na Sentinel-2 shi ne hekta ɗaya. Tsofaffin taswirorin Najeriya kuwa a kan ma'aunin Minna aka zana su, in ka ɗora su ba tare da juyawa ba za su goce daga inda ya kamata. Kuma in canjin da ka gano bai fi kuskuren taswirorinka biyu girma ba, kada ka shelanta shi.

10. Ƙarin shaida daga kukan tsuntsaye

Taswira tana nuna kurmi na nan, ba ta nuna ko yana da rai. In kana son wannan, ka ɗauki sauti da asuba a wurare ƙayyadaddu, tsawon lokaci iri ɗaya, ka ba BirdNET, mai gane tsuntsu daga kukansa, ya tace. Ƙarar janareto da injin jirgi suna ruɗa shi, kuma ya fi ƙwarewa a tsuntsayen Turai da Amurka, don haka duk sunan da ya bayar ka saurari gutsuren da kunnenka, ka duba a eBird, shafin masu kallon tsuntsaye, ko an taɓa ganin tsuntsun a Legas. Wurin gwaji mai sauƙi ga mai koyo shi ne Cibiyar Kare Muhalli ta Lekki, mai hekta 78, wadda gidauniyar kare muhalli ta Najeriya, NCF, ta kafa a 1990, domin tana da gadar katako da ake bi ta cikin fadama ba sai da kwale-kwale ba.

11. Fitar da taswira

Ka tura sakamakon zuwa Google Drive, ka buɗe a QGIS, ka sa launuka masu rabuwa ko an buga baƙi da fari. A jikin taswirar ka rubuta watannin hotunan, sunan tauraron, ma'auni, da daidaiton kowane rukuni. A rahoto ka faɗi wane mataimaki ya taya ka kod, da samfuran da ka matsar daga kwale-kwale. Ka rubuta a fili cewa wannan ba takardar mallakar fili ba ce, kada wani ya ɗauke ta ya shiga rigimar iyaka da sunanka. Ka buga kwafi ka kai wa Baale da mai kwale-kwalenka, ka tambaye su inda suka ga ba daidai ba, ka rubuta abin da suka ce. Sannan ka ajiye kod da samfura da hotunan daji a wuri biyu, da kwanan wata a sunan kowane fayil, domin da su za ka sake awon a Disamba mai zuwa.